Ɗalibaina a Japan sun mayar da ni abin tsokana: raini ne ko wasa?

Assalamu alaikum, Malam. Ni malami ne, shekarata 31, kuma tun watan Afrilu nake aiki a wani ƙaramin gari a ƙasar Japan, ina taimaka wa malaman makarantun firamare biyu wajen koyar da Turanci. Na yi shekara shida ina koyarwa kafin na zo, ban taɓa samun ɗalibin da ya yi mini kallon banza ba, amma yaran nan sun mayar da ni abokin wasansu. Sun maƙale dasta a saman ƙofa ta faɗo mini a ka. Ƴan aji biyar sun yi mako biyu suna amsa sunayen junansu ban gane ba. Sun koya mini wata kalma suka ce ma'anarta "na ƙoshi", na je na faɗa a ofishin malamai, ashe sunan kashi ne a bakin yara. Sau biyu kuma ana ɓoye mini takalmin da nake sawa a cikin makaranta. Wasu sukan shafa gashina ko su murza fatar hannuna. Duk na daure, har mako uku da suka wuce, ina sunkuye ina duba littafin wata yarinya, wani yaro ɗan aji uku ya haɗe yatsunsa ya soka mini ta baya. Na juya na damƙe hannunsa na daka masa tsawa da Turanci, ya fashe da kuka, ajin ya yi tsit, malamar ajin ba ta ce komai ba. Washegari mataimakin shugaban makaranta ya kira ni ya ce, cikin ladabi, in daina riƙe yara. Tun ranar suke ɗari-ɗari da ni. Shin raini ne, ko don ni baƙar fata ne? Kwantiragina zai ƙare a watan Maris, kuma zuciyata tana raya mini in tattara kayana.

Wa alaikumus salam, Malam. Ba zan ɓoye maka ba, na yi dariya a wurin dasta da wurin kalmar ofishin malamai, sai da na iso kan yaron nan ɗan aji uku sannan dariyar ta tsaya. Wannan bambancin da na ji a raina shi ne kan maganar da zan yi maka, domin abubuwan da ka lissafa ka zuba su a ƙwarya ɗaya ka kira su raini, alhali ba iri ɗaya ba ne, kuma muddin ba ka rarrabe su ba, za ka ci gaba da yin fushi a inda ya kamata ka yi dariya, ka kuma yi shiru a inda ya kamata ka buɗe baki.

Ka fara duba kujerar da aka ɗora ka a kai. A makarantar da ka baro kai ne mai aji, rajista a hannunka take, kai kake ba da maki, kuma yaro ya san in ya wuce gona da iri maganar za ta iya kaiwa ga mahaifinsa. A Japan kuwa matsayinka na mataimaki ne, kuma haka aka tsara aikin tun asali. Gwamnatin ƙasar ta buɗe shirin JET, na ɗauko baƙi su taimaka wajen koyar da harshen waje, a 1987 da baƙi 848 daga ƙasashe huɗu, daga baya hukumomin ilimi na garuruwa da kamfanoni suka shiga ɗaukar irin waɗannan mataimaka, bukatar kuma ta ƙaru bayan an wajabta darasin harshen waje ga ƴan aji biyar da shida a 2011, sannan a 2020 aka sauko da shi zuwa aji uku da huɗu. A duk tsawon wannan lokaci, ragamar aji da tarbiyyar yara suna hannun malamin ƙasa mai lasisin koyarwa. Yaran ba su san wannan tarihi ba, amma suna da ido: suna ganin mutumin da yake shigo musu sau ɗaya ko biyu a mako na minti 45, yana zuwa da waƙa da kati da wasanni, ba ya kiran iyaye, harshensu kuma yana yi masa gardama. A lissafinsu irin wannan mutum yana tsakanin malami da babban yaya, shi ya sa suke gwada masa abin da ba za su kuskura su gwada wa malamar ajinsu ba.

Maganar dasta tsohon yayi ce a makarantun Japan. Ƙofofin azuzuwansu irin waɗanda ake ja gefe ne, sai a matse dasta daga sama, duk wanda ya ja ƙofar ta faɗo masa. Malamai ƴan ƙasa ma sun sha alli a ka, har abin ya shiga zane-zanen barkwancinsu. Ka tsaya ka duba aikin da ke cikinsa. Sai da wani ya hau kujera, wani ya tsaya gadi a baranda yana leƙen tahowarka, sauran kuma suka danne dariya suna jira. Yara ba sa ɗaukar wannan wahala saboda malamin da suke tsoro, ba sa kuma ɗaukarta saboda wanda ba su damu da shi ba. Japanawa suna da kalmomi biyu da ya kamata ka riƙe: itazura, wato tsokana da ƙiriniya, da kuma ijime, wato cin zalin da ake yi wa mutum don a ƙasƙanta shi. Abin da yake raba su yakan bayyana ne nan take bayan an aikata. Idan idanunsu suna kan fuskarka suna jiran su ga ko za ka dara tare da su, idan wata ta taso tana kaɗe maka alli daga kafaɗa, to neman shiga jikinka ake yi. Idan kuwa suna kallon junansu suna kauce wa idonka, abin kuma yana ƙara muni duk da ka nuna ba ka so, wannan wani sha'ani ne daban.

Kalmar da ta fi tsaya mini a wasiƙarka ita ce "duk na daure". Na fahimci dalilinka: kai baƙo ne, ba ka so a ce ka cika ƙorafi, kuma an raine ka a kan cewa babba ba ya biye wa yaro. Sai dai yaran murmushi kawai suka gani, dauriyar tana cikin cikinka. A barkwancin da suke kallo a talabijin, musamman salon manzai da ya yi ƙarfi a Osaka, mutum biyu ne suke tsayawa, ɗaya ya yi shirme, ɗayan ya kwaɓe shi nan take, kuma kwaɓar ce take kawo dariya. Yaron da ya taso da wannan, in ya yi maka shirme martani yake jira, ko na raha ko na hani, da ya ga ba ka ce uffan ba sai ya ɗauka bai taɓo ka ba tukuna, gobe ya ƙara. Wata takwas kana tarawa ba tare da sun san kana tarawa ba, ranar da tulun ya cika kuma sai ya fashe a kan yaro ɗan shekara takwas ko tara, wanda wataƙila ba shi da hannu a dasta ko a takalmi. Wargi wuri yake samu, kuma wurin, ba da niyya ba, kai ka bayar.

Abin da yaron ya yi maka sunansa kancho, kalmar kuma asalinta sunan maganin da ake ɗura wa mara lafiya ta dubura ne; yaran Koriya ta Kudu ma suna da irinsa da nasu sunan. Ƴan firamare suna yi wa junansu, suna kuma kai wa malamai baƙi hari da shi, har ya zama cikin abubuwan farko da tsofaffin hannu suke gargaɗin sabon zuwa a kai. A kan yaro ɗan aji uku babu wata ma'ana ta batsa a ciki. Abin dariya ne irin na tusa da kashi, wanda yaran ko'ina suke so a waɗannan shekaru. Na faɗi haka ne don ka sauke zargin cewa an zaɓe ka an wulaƙanta ka. Amma sanin cewa yaron bai nufi mugunta ba, bai wajabta maka karɓa ba. Abin da tarbiyyarka da addininka suka ɗauka al'aura ba ya zama abin wasa don kawai ka ƙetare teku. Malaman Japan da kansu suna hana kancho, kuma babu wanda zai ga baƙinka don ka ce ba ka yarda a taɓa ka a wannan wuri ba. Wanda zai ce ka haƙura domin al'adarsu ce bai yi maka adalci ba, bai kuma yi wa yaron ba, domin shi ma yana bukatar ya koyi cewa akwai wuraren da hannu ba ya zuwa a jikin mutum.

Inda ka kuskure shi ne damƙar da tsawar, kuma ina so ka gane abin da ya sa mataimakin shugaban ya kira ka, don kada ka ɗauka bayan yaron ya goya. Sashe na 11 na dokar ilimin makarantu ta Japan, wadda aka kafa a 1947, ya ba malami damar ladabtar da ɗalibi amma ya haramta hukuncin da ya taɓa jiki. An daɗe ana karya dokar, musamman a ƙungiyoyin wasanni, har zuwa ƙarshen 2012 lokacin da wani ɗalibin sakandare a Osaka, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando, ya kashe kansa bayan dukan da kocinsa ya riƙa yi masa. Abin ya girgiza ƙasar, ma'aikatar ilimi ta tsaurara sa ido a 2013, kuma tun daga nan gaban kowane shugaban makaranta yake faɗuwa in ya ji an ce babba ya sa hannu a jikin yaro har yaron ya yi kuka. Ba na jin an ɗauke ka mai dukan yara, domin da an ɗauke ka haka da ba a tsaya ga magana cikin ladabi ba. Sai dai a wurin aiki na Japan magana mai laushi daga shugaba takan fi sautinta nauyi, saboda haka ka riƙe ta a matsayin gargaɗi na gaske.

Ɗari-ɗarin da yaran suke yi ma yana da bayani. Wani masanin ilimi Ba'amurke, Jacob Kounin, wanda ya wallafa sakamakon nazarinsa kan azuzuwa a 1970, ya lura cewa tsawatarwar da aka yi wa yaro ɗaya ba ta tsayawa a kansa, takan bazu ga masu kallo kamar zoben da ruwa yake yi in an jefa dutse. A wurin ƙananan yara, hani bayyananne wanda ya faɗi abin da za a daina shi ya fi gyara halin masu kallo, shi kuwa hani mai zafi ya fi jefa su cikin fargaba ba tare da ya ƙara musu ladabi ba. Ka ƙara da cewa tsawarka ta fito da harshen da ba sa ji, daga bakin mutumin da bai taɓa ɗaure musu fuska ba. Abin da suka koya ranar shi ne malamin Turanci yana iya birkicewa ba zato ba tsammani, amma har yanzu ba su san abin da ya birkita shi ba, kuma wannan ne za ka fara gyarawa.

Gyaran ta hannun malamar ajin zai bi, wadda suke kira tannin. Ita take cin abincin rana da yaran, ita take tsayawa a kansu lokacin shara, ita ta san iyayensu, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta fi wa'azinka na awa guda. Kada ka tare ta a baranda tana sauri tsakanin darasi da darasi. Ka nemi minti goma bayan an tashi, in da hali ka rubuta abin da kake son faɗa cikin gajerun jimloli ka sa wani ya fassara maka. Ka fara da naka laifin, cewa ka tsorata yaron kuma abin ya dame ka, domin a can wanda ya fara ba da haƙuri shi aka fi saurara. Sannan ka gaya mata a sarari cewa a inda ka fito taɓa mutum a wannan wuri babban abu ne, ka roƙe ta ta bayyana wa ajin haka da harshensu kana tsaye a gefenta, yadda yaran za su gane cewa hanin na makaranta ne gaba ɗaya. Mai yiwuwa ka tarar ita ma abin yana cin ta, shirun da ta yi ranar kuma na rashin sanin yadda za ta ɗauko maka maganar ne.

Shi kuma yaron, ku haɗu a gaban malamarsa kaɗai. Ka durƙusa har idonka ya yi daidai da nasa, domin ƙaton baƙo a tsaye a kan yaro abin tsoro ne ko da yana murmushi. Ka ce masa ka yi nadamar riƙe masa hannu da ƙarfi, ka kuma ce abin da ya yi ba a yi, ka bar maganganun biyu a rabe yadda ba zai ɗauka haƙurin ya goge hanin ba. Wataƙila ya sunkuyar da kai ya ce gomen nasai, wato "a yi haƙuri", da muryar da da ƙyar za ka ji. Ka karɓa, kada ka nemi ƙari. A darasi na gaba ka ba shi wani ɗan aiki, ko raba kati ko riƙe maka hoto a gaban allo, domin sauran yaran su gani da idonsu cewa magana ta wuce.

Za a sake gwadawa, ko a wannan aji ko a wani, saboda haka ka tanadi kalmomi biyu: dame, wato ba a yi, da yamenasai, wadda ita ce "daina" irin ta babba ga yaro. Ka faɗe su da murya ƙasa-ƙasa, fuska a ɗaure, kana kallon yaron, sannan ka ci gaba da darasi; kada ka haɗa da murmushi, domin murmushin yana warware kalmar. Idan ka ga hannu ya nufo ka, ka matsa ko ka tare da tafin hannu a buɗe ba tare da ka kama ba, kuma in za ka duba littafin yaro ka tsuguna a gefen teburinsa maimakon ka sunkuya. Na san abin dariya ne a ce malami yana aiki yana gadin bayansa, amma na ɗan lokaci ne.

Abin da ka ambata a gurguje kamar ba komai ba shi ne ni ya fi ɗaga mini hankali, wato ɓoye takalmi. A makarantun Japan kowa yana cire takalmin waje a bakin ƙofa ya sa na ciki, kuma ɓoye wa ɗalibi takalminsa na ciki yana daga cikin sanannun hanyoyin ijime a tsakanin yara. Bambancinsa da dasta shi ne a ɓoye ake yin sa, mai yin sa ba ya tsayawa a yi dariya tare, wanda aka yi wa kuma shi kaɗai yake yawo da safa yana nema. Yana iya zama ƙiriniya kawai, amma sau biyu ya isa a sanar. Ƙasar ta kafa dokar yaƙi da cin zali a makarantu a 2013, kuma duk da cewa ɗalibai take karewa, ta sa makarantu ba sa wasa da irin wannan alama. Ka rubuta ranakun da abin ya faru da inda aka tsinci takalmin, ka miƙa wa mataimakin shugaban ba tare da ka kama sunan kowa ba. Hannun da ya ɓoye takalmin malami ba zai ji nauyin ɓoye na wani yaro marar baki ba.

Ka tambaya ko don kai baƙar fata ne. Ba zan ce maka launinka ba ya cikin lissafin ba, domin yana ciki. Ƴan ƙasashen waje kimanin kashi 3 cikin 100 ne na mazauna Japan, mafi yawansu daga ƙasashen Asiya kamar Sin da Biyetnam da Koriya, kuma sun fi taruwa a manyan birane; a ƙaramin gari irin naka, akwai yaron da kai ne baƙar fata na farko da ya taɓa gani ido da ido. Shafa gashi da murza fata daga nan suke fitowa, kuma a wurin ƙaramin yaro tambaya ce da aka yi da hannu saboda baki bai iya ba. Hakan bai sa ka zama abin da kowa zai riƙa lalube ba. Ka amsa tambayar sau ɗaya a darasi, da taswira da hotuna, ka bar su su tambayi abin da suke so, sannan ka kafa doka cewa ba a taɓa mutum sai an nemi izini. Amma idan ka ji ana kwaikwayon kukan biri, ko ana kiranka da sunan da aka gina a kan launinka, ko ana toshe hanci in ka wuce, wannan ya fita daga tsokana, kuma ranar da ya faru ranar za ka kai shi ofis. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ya sa na fi karkata ga cewa baƙuntarka ce take jan su fiye da launinka.

Musayar sunaye kuwa, ka yi haƙuri, rabin laifin naka ne. Mako biyu yara suna amsa sunan da ba nasu ba kai ba ka lura ba, ma'anarsa ba ka san su ba, kuma abin da suka so su tabbatar ke nan. Na san kana zagaya azuzuwa da yawa a makarantu biyu, sunayen kuma baƙi ne a kunnenka, amma kowane aji yana da takardar da ta nuna wurin zaman kowa. Ka nemi kwafi, ka rubuta sunayen da haruffan boko, ka sa su yi katin suna su ajiye a kan tebur, ka kuma ɗauki tsintsiya tare da su lokacin shara. Ranar da ka shigo ka kira jagoran tsokanar da sunansa na gaskiya, ka tambaye shi ko yau ma na maƙwabcinsa zai ara, dariyar wannan karon da kai za a yi ta. A shekarun da na yi ina koyarwa, wani aji sun taɓa tura agogon bango gaba da minti 15, na sallame su kuwa, sai a ofis na gane. Washegari na shigo na mayar da agogon baya da minti 15 a gabansu ban ce komai ba, muka yi darasi har suka biya bashin. Ba a hukunta kowa ba, ba a kuma sake taɓa agogon ba. Irin wannan ramuwa, wadda ba ta fi laifin girma ba, ita ta dace da itazura. Kalmar da suka koya maka ma haka: daga yau kada sabuwar kalma ta fita bakinka sai ka duba ta a ƙamus ɗin wayarka, in so samu ne a gabansu, kana yi kana harararsu da wasa.

Saura maganar tattara kaya. Masanin al'adun ɗan'adam Kalervo Oberg ya yi bayani a 1960 kan ruɗanin da yake kama wanda ya koma zama cikin baƙuwar al'ada: da farko komai yana burge shi, daga baya sai ƙananan abubuwa su fara ƙona masa rai har ya riƙa ganin masu masaukinsa da mugun nufi, kafin a hankali ya saba. Wata takwas, ga sanyi ya shigo, ga rana tana faɗuwa da wuri, ga ba ka da wanda za ka yi hira da shi da harshenka bayan aiki, lokaci ne da dasta ɗaya take yin nauyin dutse. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko yaran ne suka gajiyar da kai ko kaɗaici, in kuwa kaɗaici ne ka nemi sauran malamai baƙi na yankinku, za ka sha mamakin yawan masu labarin kancho a cikinsu.

Ka yi maganar malamar aji da ta yaron kafin hutun ƙarshen Disamba, ka tambayi waɗanda suka ɗauke ka aiki ranar ƙarshe da suke bukatar amsarka game da sabunta kwantiragi, kada kuma ka ba da amsar kafin ranar. Idan zango na uku ya kankama a Janairu ka ga an sake ɓoye takalminka bayan ka kai rahoto kuma babu wanda ya motsa, ko malamar ta ƙi tsayawa tare da kai a gaban ajin, to matsalar ta manya ce, kuma kana da hujjar neman a canza maka makaranta a watan Afrilu, lokacin da dama ake yi wa malamai sauyin wurin aiki, ko ka tafi ba tare da ka ɗauka ka gaza ba. Idan kuwa wata safiya ka ja ƙofa dasta ta sake faɗowa, ka ɗauke ta, ka miƙa wa wanda ya fi kowa dariya, ka ce masa goge allon yau nasa ne. Ka rubuto mini bayan hutun in ji yadda kuka ƙare da yaron.